Babi na Biyar: Ɗan Ibro da Sana'ar Ban Dariya

Wai shin ban dariya ma sana'a ce? Tambaya ce da takan taso a majalisa duk lokacin da hira ta biyo ta kan 'yan fim. Manomin albasa a fadamar Wurno ya san abin da ake kira aiki, domin kafin rana ta fito yana bakin injin ban ruwa. Masunci a madatsar ruwa ta Goronyo ya san aiki, haka ma makiyayi a dajin Rabah. To mutumin da zai kafa jar hula, ya zaro ido, ya karkata baki ya yi magana, jama'a su tuntsire da dariya a biya shi, shi ma aiki ya yi ke nan? In kuwa aiki ne, a ina ake koyonsa? Mene ne kayan aikinsa? Wace riba ake samu, wace wuya ake sha?

A ƙasar Hausa babu wanda rayuwarsa za ta amsa mana waɗannan tambayoyi kamar marigayi Rabilu Musa Ɗanlasan, wanda yaro da babba suka sani da Ɗan Ibro. Sai dai kafin mu kai gare shi, ya kamata mu fara duba gidan da ya gada.

Kafin zuwan kyamara

Bahaushe bai jira fim ba kafin ya san mai ban dariya. A fada akwai wawan sarki, wanda aka yarje wa ya furta abin da fadawa ke tauna wa su haɗiye. A kasuwa kuma akwai 'yan kama da 'yan gambara. Ɗan kama yakan ɗauko waƙar da kowa ya haddace, ta Mamman Shata ko ta wani makaɗin fada, ya bar amonta yadda yake, ya zare kalmomin ya cusa zancen tuwo da miya da tsoka. Inda makaɗi ya wasa gwarzo a fagen fama, shi sai ya wasa gwarzon akushi. 'Yan gambara kuwa ba su cika tafiya ɗai-ɗai ba. Wannan ya jefo magana, wancan ya cafe ya ƙara mata yaji, kiɗa na ratsa tsakani.

Duk wanda ya taɓa tsayawa a da'irar irin waɗannan mutane ranar kasuwa, a Achida ko a Goronyo, ya ga makaranta da idonsa. Mai wasa yana magana, amma idonsa na yawo a fuskokin jama'a. Ya ga dattijon da ya ɗaure fuska, ya san in ya samu wannan ya murmusa to saura sun faɗo. Ya ga matashin da ya fara juyawa zai tafi, sai ya jefa masa magana ya tsayar da shi. Ya san inda zai ja labari, ya san inda zai yi shiru har kowa ya miƙa wuya, ya kuma san daidai lokacin da zai miƙa hula a jefa masa abin da ya samu. A dandali ba a yankar tikiti a ƙofa. Sai an yi dariya tukuna ake sa hannu a aljihu, wanda kuwa bai iya ba, da yunwa zai koma gida.

Bayan wannan ga tashe. Da azumi ya kwana goma, yara kan bazu cikin unguwa da dare, wani ya manna gemun auduga ya zama tsoho, wani ya cusa tsumma a riga ya zama mai tumbi, 'yan mata su kwaikwayi zaman miji da mata da rigimar kishiya. Ga kuma wasan barkwanci da al'ada ta halatta: jika da kaka, taubashi da taubashiya, Bafulatani da Babarbare, Bakano da Bazazzage, Bagobiri da Bayarabe. A nan ake gaya wa juna magana mai zafi a yi dariya a rabu lafiya.

Idan aka tattara, za a ga kayan aiki uku: iya kwaikwayo, iya juya abin da kowa ya sani ya fito da sabuwar fuska, da izinin da jama'a ke bai wa mai wasa ya faɗi abin da wani ba zai faɗa ba. Da waɗannan ukun Ibro ya ci abinci.

Daga dandali zuwa akwati

Da rediyo da talabijin suka zo, sai wasa ya sami sabon dandali. A Kaduna aka yi Usman Baba Pategi, tsohon soja da ya mayar da rayuwar bariki abin kallo a shirin Samanja Mazan Fama, yana cakuɗa Hausa da Turancin soja. Ya rasu a Nuwamba 2023. Aka yi Kasimu Yero na Karambana, wanda ya rasu a Satumba 2017. A Jos aka yi Karkuzu, a gidan talabijin na NTA Sakkwato kuma mutanenmu ba su manta da Idon Matambayi ba. Waɗannan su suka nuna cewa wasan Hausa zai iya zama a gaban kyamara bai rasa armashinsa ba. Sai dai akasarinsu a ƙarƙashin gidajen gwamnati suka yi aiki, sai ranar shiri da lokacin shiri ake ganinsu.

Wannan hanya ta tashi daga dandali a shiga fim, an bi ta a wasu ƙasashe tun da daɗewa. A Ingila da Amurka, daga ƙarshen ƙarni na 19 zuwa wajen 1930, akwai gidajen wasa da ake jera mawaƙa da masu rawa da masu dabo da masu ban dariya a dare guda, kowa ya hau dandamali ya yi 'yan mintoci ya sauka. A irin waɗannan gidaje Charlie Chaplin, wanda aka haifa a Landan a 1889, ya koyi sana'a tun yana yaro, kafin ya fara fim a Amurka a 1914. A ƙasar Yarbawa, Moses Olaiya, wato Baba Sala, ya yi shekaru yana yawo da ƙungiyar wasansa gari-gari kafin ya shiga fim. Dukkansu a gaban mutane masu rai suka goge, kyamara ta tarar da su da iyawarsu.

A Kano, ƙofar ta buɗe ne a 1990, lokacin da ƙungiyar Tumbin Giwa ta fitar da Turmin Danya a kaset ɗin bidiyo. Daga nan kowa ya gane cewa ba sai da gidan talabijin ba. In kana da kyamara da 'yan wasa da ɗan jari, za ka kai hajarka kasuwa kai tsaye.

Yaron Ɗanlasan

An haifi Rabilu Musa ranar 12 ga Disamba 1971 a garin Ɗanlasan da ke ƙaramar hukumar Warawa a jihar Kano. A nan ya yi firamare, sannan ya wuce Kwalejin Horon Malamai ta Wudil. A 1991 ya shiga aikin gidan yari, ya yi shekara takwas yana gandiroba kafin ya ajiye kaki ya rungumi fim gaba ɗaya. Fim ɗin da ya fara fito da sunansa shi ne 'Yar Mai Ganye.

Abu biyu ya kamata mai karatu ya riƙe a wannan taƙaitaccen tarihi. Na farko, Ibro ɗan ƙauye ne na gaske. Bai koyi maganar mutanen karkara daga bakin wani ba, da ita ya tashi. Ya san yadda ake ciniki a kasuwar ƙauye, yadda ake gaida mai gari, yadda magidanci ke kame-kame idan an tambaye shi kuɗin cefane aljihunsa babu komai. Na biyu, ya yi shekara takwas a wurin da ake tara kowane irin ɗan Adam: ɓarawo da ɗan damfara, mai taurin bashi, mai gajen haƙuri, da wanda ƙaddara kawai ta faɗa wa. Mutumin da Allah ya ba ido da kunne, in ya zauna a irin wannan wuri, zai fito da buhun halaye da salon magana wanda ba a samu a aji.

Ajiye aikin gwamnati mai albashi da fansho domin wasan kwaikwayo ba ƙaramar kasada ba ce a wancan lokaci, balle ga mai iyali. A idon mutane da yawa, ɗan fim ɗan iska ne, mai ban dariya kuwa shi ne ƙarshen sahu. Ko a cikin masana'antar akwai bambanci. Masu finafinan soyayya da rawa da waƙa, waɗanda ake kira 'yan sentimental, su ne masu manyan kaya da motoci da gidajen alfarma. Masu ban dariya kuwa 'yan camama ake ce musu, fim ɗinsu na ƙaramin jari ne, a ƙauye ake ɗauka, cikin 'yan kwanaki an gama. A wannan ɓangare da ake yi wa kallon raini Ibro ya tsaya, har ya kai sunansa kaɗai ya isa ya sayar da kaset. Shi ya sa finafinansa da dama da sunansa suke farawa: Ibro Ɗan Fulani, Ibro Angon Hajiya, Ibro Aloko, da sauransu masu yawa.

Yadda yake haɗa dariya

Mu matsa kusa mu ga aikin. A ce an ba shi fitowa a teburin mai shayi, kuma labarin bai wuce layi ɗaya ba: baƙo ne daga ƙauye, yunwa yake ji, ba shi da ko sisi. Wani ɗan wasa zai zo ya zauna ya yi ta raki. Ibro kuwa da isa zai shigo, hula a tsaye, kafaɗa a buɗe, ya yi sallama da muryar mai kuɗi. Zai duba burodin ya raina, ya tambayi ko babu wanda ya fi wannan, ya sa a ƙara madara, ya sa a fasa ƙwai. Duk wannan lokaci mai kallo ya san aljihu wayam ne, don haka kowane ƙarin oda ƙarin dariya ne. Idan aka zo biya, sai ya tsaya cak, ya zaro ido, ya dubi mai shayi kamar shi aka zalunta. Wannan ɗan shirun, na daƙiƙa biyu ko uku, a nan gwanintar take. In ya gaza, dariya ba ta nuna ba. In ya zarce, ta huce.

Daga nan sai harshe ya karɓa. Zai kawo hujja a kan hujja, kowace ta fi ta baya rashin kan gado, amma yana faɗinta da yaƙinin mai gaskiya. Ba ya dariya da kansa, ba ya yi wa mai kallo alamar cewa wasa ake yi. A finafinan camama ba a cika rubuta kowace magana ba, ana ba ɗan wasa ƙashin labari ne ya sa masa tsoka nan take. Wannan kuwa ita ce tsohuwar dabarar 'yan gambara, ta jefowa da cafewa, kuma tana buƙatar abokan wasa masu saurin fahimta.

Mutumin da Ibro ya fi fitowa a matsayinsa talaka ne mai wayon tsiya, mai buri ya fi ƙarfinsa, mai tsoro amma mai cika baki. Yana son ya auri hajiya, yana son a ce masa alhaji, yana son ya ci banza, kullum kuma dabararsa a kansa take ƙarewa. Mai kallo na yi masa dariya, amma a ƙasan zuciya ya san wannan mutumin. Maƙwabcinsa ne, ko ƙanen babansa, wani lokaci ma shi kansa ne ranar da talauci ya sa shi yin ƙarya. Hausawa sun ce da wasa ake gaya wa wawa magana, Ibro kuwa da wasa ya gaya mana kwaɗayinmu da son girmanmu da ha'incinmu, muka karɓa ba mu yi fushi ba.

Haka ya yi da waƙa. Bayanin Naira, Idi Wanzami da Direba Makaho sun shiga bakin yara da manya, ana jin su a tasha da shagon mai caji da gidan biki.

Yadda ya iso gabashin Sakkwato

Tsakanin Kano da Wurno tafiya ce mai nisa, kuma Hausar ma ba ɗaya ba ce. Inda Bakano zai ce "me", mu Sakkwatawa "mi" muke cewa, inda zai ce "wannan", mu mu ce "wanga". Duk da haka Ibro ya shiga garuruwanmu ya zauna daram. Kaset kan taso daga dilolin Ƙofar Wambai da Bata a Kano, ya sauka Sakkwato, daga nan 'yan kasuwa su rarraba shi zuwa Wurno da Rabah da Goronyo da ƙauyukan da ke kewaye.

Gidan kallo na wancan zamani rumfa ce ta zana ko ta kwano, da benci jere, da talabijin a kan tebur, janareto na ruri a waje. Bayan sallar isha'i matasa kan taru, waɗanda suka yini a fadama da 'yan kabu-kabu da almajirai, kowa ya biya ya shiga. Idan fim ɗin Indiya ne, sai mai bayani. Idan na soyayya ne, ana kallon gidaje da motocin da ba a taɓa shiga ba. Amma idan aka sa Ibro, abin da ke cikin akwatin shi ne abin da ke bayan rumfar: katangar laka, rumbu, jaki, tabarma a zaure, mai unguwa da sandarsa. Mutumin karkara ya ga irinsa a tsakiyar labari, shi ne tauraro, da sunansa aka sayar da fim. A cikin gidaje kuma, matan aure da ba sa zuwa gidan kallo sukan karɓi aron kaset, a taru a ɗakin mai bidiyo, tsohuwa da jikokinta su yi dariya a kan abu guda.

Kada a raina wannan. Yankinmu ya san wahala: ambaliyar 2010 da ta cinye gonaki da gidaje a bakin kogin Rima, bashin taki, faɗuwar farashin albasa bayan an gama wahalar noma, ga kuma bala'in 'yan bindiga na shekarun baya-bayan nan. Mutumin da ya yini da irin wannan nauyi a ƙirji, in ya samu awa guda ya yi dariya har da hawaye, an yi masa alheri na gaske.

Labarin duniya a bakin Ibro

Wani abin da ya bambanta shi da sauran shi ne saurin cafke abin da duniya ke magana a kai. Lokacin da kiɗan Awilo Longomba na Kwango ya mamaye Nijeriya, sai ga Ibro Awilo. Da yake Hausawa sun shaƙu da finafinan Indiya, sai ga Ibro Ɗan Indiya, yana juya waƙoƙinsu zuwa Hausa. Bayan harin 11 ga Satumba 2001 a Amurka, lokacin da sunan Usama bin Laden ke kowane gidan rediyo, sai ga Ibro Usama a 2002, daga baya kuma Ibro Saddam.

Wannan aikin ɗan kama ne tsantsa: a ɗauki abin da kowa ya sani a juya shi. Bambancin kawai, ɗan kama waƙar Shata yake juyawa, Ibro kuwa labaran BBC da Muryar Amurka yake juyawa. Abin da ya girgiza manyan ƙasashe sai ga shi ya sauko zaure, ana tattauna shi da hankalin mutumin ƙauye. Chaplin ma ya yi irin wannan a 1940, da ya kwaikwayi Hitler a fim alhali yaƙi na ci. Ba kowa ya ji daɗin yadda Ibro ya taɓa irin waɗannan batutuwa ba, kuma da ma duk mai wasa da abin da ke da zafi yana kusa da ƙonewa.

Shekarar 2008

An kafa Hukumar Tace Finafinai ta Jihar Kano a 2001, bayan dawo da shari'ar Musulunci a jihar. A 2007, zamanin Gwamna Ibrahim Shekarau, aka naɗa Malam Abubakar Rabo Abdulkarim ya shugabance ta, aka tsaurara dokoki, kotun tafi-da-gidanka ta riƙa hukunta 'yan fim. A 2007 aka ɗaure Adam A. Zango, a ƙarshen 2008 aka ɗaure Hamisu Lamiɗo Iyan-Tama. A Oktoba 2008 aka gurfanar da Ibro kan zargin gudanar da kamfani ba rajista da kuma rawar da aka ce ta saɓa tarbiyya a fim ɗin Ibro Aloko, aka yanke masa wata biyu. Tsohon gandiroba ya koma gidan yari a matsayin ɗaurarre.

Mutane sun rabu biyu a kan lamarin. Wasu suka ce doka ce ta yi aikinta, kuma tarbiyyar al'umma ta fi ƙarfin kowane tauraro. Wasu suka ce hukuncin ya yi tsauri, kuma harshensa ake so a rage wa kaifi. Abin da ya shafi babinmu shi ne darasin da ke ciki. Wawan sarki yana da rigar kariya, domin al'ada ta ce ba a hukunta shi kan maganarsa. Ɗan kama in ya ga gari ya yi zafi, sai ya naɗe tabarmarsa ya nufi kasuwar gaba. Ɗan fim ba shi da ko ɗaya. Maganarsa na nan a faifai, ana iya maimaita ta a gaban alƙali. Ibro ya gaji izinin faɗar gaskiya daga magabatansa, amma bai gaji kariyar da ke tare da izinin ba. Bayan ya fito ya koma bakin aikinsa, jama'a kuma suka ci gaba da saye.

Ina kuɗin suke tafiya?

Mai ganin yadda finafinan Ibro suka cika kasuwa zai ɗauka duk kwafin da aka sayar akwai rabonsa a ciki. Tsarin ba haka yake ba. A bisa al'adar masana'antar, ɗan wasa sau ɗaya ake sallamarsa, ranar aiki. Furodusa ya kai fim wurin diloli, su buga su rarraba. Kafin kwafin gaskiya ya iso Sakkwato, sau da yawa na sata ya riga shi. Da CD ya maye gurbin kaset, satar ta ƙara sauƙi. Da waya mai katin ajiya ta zo, sai masu turawa suka buɗe shaguna a kowace tasha, a zuba maka finafinai da yawa a kan kuɗi kaɗan, wanda ya yi fim ɗin ko kwabo bai gani ba. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Ciwon ba na Kano kaɗai ba ne. Baba Sala ya ci bashi ya yi fim ɗin Orun Mooru a 1982, ɓarayin fasaha suka kwafe shi, ya yi shekaru yana fama da bashin. A irin wannan kasuwa, hanya ɗaya ce ta rage wa ɗan wasa: ya yi ta fitowa ba hutu. Wannan ne ya sa finafinan Ibro suka yi yawa ƙwarai, shi ne kuma ya sa ba duka suka yi kyau ba. Akwai waɗanda aka yi cikin gaggawa, labari bai nuna ba, sauti bai fita ba, shi kaɗai ke ɗauke da fim ɗin a kafaɗarsa. Duk wanda ya taɓa karɓar fim a waya bai biya mai shi ba, yana da hannu a wannan gaggawa.

Ƙorafin da ake yi

Adalci ne a saurari masu suka, musamman a ƙasa irin tamu ta malamai, inda Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya yi ribaɗi a Wurno kuma a nan kabarinsa yake. Malamai kan tunatar cewa addini bai hana raha ba, amma ya yi gargaɗi kan yawan dariya, da yin ƙarya don a ba mutane dariya, da yi wa wani izgili. Iyaye sun yi kukan cewa yara na kwaso baƙar magana da rashin kunya daga finafinan camama. Wasu kuma sun ji zafin yadda ake kwaikwayon Bafulatani ko Bagwari ko makaho ko mai in'ina.

Akwai gaskiya a nan. Wasan barkwanci na gargajiya yana da sharaɗi: wanda ka tsokana yana gabanka, yana da bakin ramawa, kuma ku biyun kun san iyaka. A fim kuwa wanda aka kwaikwaya ba ya nan, dubban mutane na kallo, shi ba shi da damar mayar da martani. Inda Ibro ya fi ƙarfi shi ne inda dariyar ta faɗa kan hali, kamar rowa da ƙarya da son banza, domin hali ana iya sauya shi. Inda dariyar ta faɗa kan halitta ko asali, nan masu suka sun fi shi hujja. Faɗin haka bai rage masa matsayi ba, kuma masu tasowa suna buƙatar su ji shi.

Amsar tambayarmu

Rabilu Musa ya rasu ranar 10 ga Disamba 2014 a Kano bayan fama da ciwon ƙoda, saura kwana biyu ya cika shekara 43. Aka kai shi mahaifarsa Ɗanlasan aka yi masa sutura. Allah ya jiƙansa, ya gafarta masa kurakuransa.

Yanzu muna iya amsawa. Ban dariya sana'a ce, mai asali da magabata, mai kayan aiki da ƙa'idoji. Ana koyonta ta hanyar kallon mutane da sauraronsu shekara da shekaru. Tana buƙatar ƙwaƙwalwa mai sauri da sanin lokaci, tana kuma da hatsarinta: raini daga jama'a, fushin hukuma, da kasuwar da ba ta biyan mai gumi haƙƙinsa. Ibro ya ɗauko ta daga da'irar kasuwa da daren tashe, ya shigar da ita kaset da faifai, ya sa mutumin karkara ya zama abin sayarwa da sunansa. Wanda ya yi wannan ya cancanci a ambace shi cikin masu fasahar Hausa, kusa da makaɗa da marubuta.

Sai dai Ibro ya tafi ne daidai lokacin da kasuwar faifai ke mutuwa. A shekarar da ya rasu aka buɗe tashar Arewa24, waya mai intanet kuma ta fara shiga hannun kowa. Abokan aikinsa irin su Sulaiman Bosho da Rabi'u Daushe da Mustapha Naburaska sun ci gaba a sabon yanayi, bayansu kuma ga samari da 'yan mata da ba su taɓa taka Ƙofar Wambai ba, amma bidiyonsu na minti ɗaya a TikTok da YouTube da Facebook yana kai wa inda kaset bai taɓa kai wa ba. Yaro a Rabah ko Goronyo yanzu zai iya ɗaukar wasa da wayarsa, da Sakkwatancinsa, a kalle shi a Yamai da Jidda. Wa ke biyan waɗannan? Wa ke tace su? Me suka riƙe daga tsohuwar sana'a, me suka yar? Wannan shi ne abin da babi na gaba zai duba.